Ranar da Kuka Cika Alkawari, Rigar Kawu Ta Ƙone

Unguwar Gindin Dutse,
Kazaure, Jihar Kano.
Mayu, 1976.

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Lantarkin Duwatsu,
ta hannun jarida, domin masinjanku ya ce yara ba sa shiga.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, irin ta ƙaramar yarinya ga manya, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da injinanku guda biyu, wanda yake aiki da wanda yake hutawa.

Sunana Ma'u. Shekarata goma sha huɗu. Iyayena suna Gwiwa, ni kuwa ina zaune a Kazaure a gidan Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya ɗauko ni don in yi makaranta. Na gama aji bakwai. Ban iya magana a gaban manya ba, ku yi mini afuwa. Na zo ofishinku sau uku. Zuwan farko na tsaya a bakin ƙofa har aka kira azahar, na koma gida. Zuwa na biyu masinja ya tambaye ni abin da nake nema, na ce akuyarmu. Ba mu da akuya. Zuwa na uku zan kawo labarinsa a ƙasa. Na ga a takarda muryata ba ta rawa, shi ya sa na rubuto.

Ga abin da ya faru. Kakata Hajiya ta sauke farali bara. Cikin tsarabarta, ban da dabino da zamzam da tasbaha, akwai kayan lantarki guda biyu, dutsen guga da butar shayi. Butar an bar ta cikin kwalinta a saman kabad, ana jiran babbar rana. Dutsen kuwa aka damƙa mini. Da can Kawu masu bugu yake kai wa manyan rigunansa, amma ya ce yanzu ƙasa ta ci gaba, ma'aikacin ofishin gona bai kamata a riƙa dukan rigarsa da itace ba. Wata biyar ina guga ban taɓa ƙona ko hankici ba. Ina jona dutsen, in je in share zaure, in dawo in tarar ya yi zafi daidai. Idan na zo wurin aiki mai kauri, sai in ɗora shi in ƙirga goma.

Sai ga ranar Asabar ɗin da babban baƙo ya zo daga Kano don aza harsashin asibiti. An sa Kawu a layin gaba na masu tarba. Ya fito da farar shaddarsa mai aska takwas, wadda bai taɓa sawa ba, ya ba ni, ya shiga wanka. Na jona dutse. Na share rabin zaure kawai, domin Kawu yana kira daga banɗaki wai ko sai baƙon ya koma Kano zan gama. Na ɗora dutsen a kan aljihun rigar na fara ƙirga. A kan uku na ji ƙauri. A kan huɗu dutsen ya yi wata ƙara ya mutu. Da na ɗaga shi, sai ga hotonsa a ƙirjin rigar, har da tsinin hancinsa, kuma ana hango tabarma ta cikin hoton.

Kawu ya je taro da tsohuwar shuɗiyar rigarsa. Suka mayar da shi layi na uku, bayan 'yan makaranta masu tuta.

Yanzu ga abin da ya sa nake damun ku. Na ci jarrabawar shiga makarantar sakandare ta 'yan mata. Takardar tana buƙatar sa hannun mai riƙona kafin ƙarshen wannan wata. Tana cikin jakar Kawu. Ya ce yarinyar da ta kasa riƙe dutsen guga ba za ta iya riƙe kanta a makarantar kwana ba, da ruwa ya sauka in koma Gwiwa in taya babana shuka. Na aika masa ta bakin matarsa, Inna Dela, cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, shekara goma sha tara yana aiki, bai taɓa yarda da maganar da ba ta da hatimi da lamba ba. In ina da gaskiya in kawo takarda.

To, takardar a hannunku take. Ku yarda in jera koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Wannan ba koke ba ne, godiya ce. A allon ƙofar ofishinku an rubuta da babban baƙi cewa wutarku bolt ɗari biyu da ashirin ce. Mu kuwa da muke ƙarshen waya, a gindin dutse, tun da aka kafa turaku rabin wannan kuke aiko mana. Ba mu taɓa ƙorafi ba. Ƙwan lantarkin da ke zaurenmu ja yake yi kamar garwashin da aka manta da shi, har mukan kunna fitilar kananzir mu duba ko yana ci. Ba wanda yake kashe shi, domin ba wanda yake lura a kunne yake. Amma ashe dutsen Hajiya an ƙera shi ne don wutar bolt ɗari da goma, a jikinsa aka rubuta. Wato wata biyar kuna ba shi daidai abin da yake so. Hajiya ta ce albarkar ƙasa mai tsarki ce ta sa yake aiki alhali rediyon maƙwabta yana nishi. Ni ban yi mata musu ba, amma na san ku ma kuna da hannu a ciki, kuma bai kamata a danne muku haƙƙinku ba. Allah ya saka da alheri.

Na biyu. Me ya sa ranar nan kuka cika alkawari ba tare da sanarwa ba? Duk garin nan an san injinku na biyu yana lulluɓe da tamfol, ba a buɗe shi sai za a yi baƙo. Ranar kuka buɗe shi, kuka kunna fitilun titi da rana tsaka domin baƙo ya ga haske. Ba na cewa kun yi laifi, ai baƙo yana da haƙƙi. Amma idan za a yi rigakafin shanu mai shela yakan zaga. Idan za a rufe kasuwa ma yakan zaga. Ashe ranar da kamfani zai yi aikinsa sosai ba ta kai a gargaɗi jama'a ba? Da kun sa an ce, jama'a ku yi hattara, gobe za a ba ku abin da aka rubuta a allo, da na hura gawayi na zuba a tsohon dutsenmu.

A gidanmu shaida ba ni da ita sai ƙwan zaure. Bayan rigar ta ƙone na fita zan yi kuka a can, sai na ga zauren fari fat. Ranar na fara sanin akwai gidan zanzaro guda uku a rufinmu. Mutanen unguwa duk suna filin taro. Inna Dela ta tafi da sauran mata yin guɗa. Hajiya idonta ba ya gani sosai. Kawu kuwa ya wuce ta ƙarƙashin ƙwan, amma a lokacin ba sama yake kallo ba. Kafin la'asar baƙo ya tafi, kuka mayar da tamfol, ƙwan ya koma garwashinsa. Na nuna wa Inna Dela shi da yamma, ta ce, "Ke Ma'u, wannan ne ya haska miki zanzaro? Je ki wanke ido."

Na uku. Wannan lissafi ne, kuma na san kun fi ni saninsa, don ku masu wutar ne. Ina kawo shi ne don ku duba mini ko na yi kuskure.

Akwai Mista Sunday mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Matarsa Madam Angelina tana koya mini saƙar hular jarirai. Ita ta ga idona ya kumbura ta tambaye ni, ita kuma ta kai masa gawar dutsen. Yana da mita mai allura a kan tebirinsa, kullum a jone. Ya ce shekara guda allurar nan ba ta taɓa wuce ɗari da goma ba sai ranar Asabar ɗin. Ranar ta haura har zuwa ɗari biyu da ashirin ta tsaya. Ya zaci mitar ce ta lalace, har ya mare ta sau biyu.

Ya juya dutsen ya nuna mini rubutun da ke gindinsa, bolt 110, amfiya 5. Ya ce bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta cikin waya. Amfiya ita ce yawan wutar da ke wucewa. Wayar da ke cikin dutse kuma tana da turjiya, ba ta barin wuta ta wuce haka kawai, ana auna turjiyar da om. Daga turawar da turjiyar zafi yake fitowa, ana auna ƙarfinsa da wat. Ya ba ni fensir da bayan kwalin batir, ya ce tunda na ci jarrabawa in yi da kaina.

Idan ana neman turjiya, sai a raba bolt da amfiya. 110 a raba gida 5, ya ba da 22. Turjiyar dutsen Hajiya om 22 ke nan.

Idan ana neman ƙarfin zafi, sai a ninka bolt da amfiya. 110 sau 5, ya ba da wat 550. Wannan shi ne dutsen da na sani, wanda nake ƙirga masa goma.

Mista Sunday ya ce turjiya halin dutse ne, kusan ba ta canzawa, ko an yi baƙo ko ba a yi ba. Don haka ranar Asabar wutar da ta bi ta cikinsa ita ce 220 a raba gida 22, wato amfiya 10. A ninka 220 sau 10, ya ba da wat 2,200.

Na sake yi sau uku, domin na zaci idan kun ninka wuta sau biyu zafi ma sau biyu zai ninku. Ashe sau huɗu ne, don turawar ta ninku, abin da ke wucewa shi ma ya ninku. Wato ranar dutse huɗu na ɗora a ƙirjin rigar Kawu, ina tsammanin ɗaya ne.

Ranku ya daɗe, ba zan ɓoye nawa laifin ba. Kullum nakan taɓa yawu a yatsa in ɗan ɗana a dutsen in ji kukansa kafin in ɗora. Ranar saboda sauri ban yi ba. Saboda haka na ɗauki alhakin wat 550, su na sani, su na jona. Sauran 1,650 ban san su ba, ban aika a kira su ba. Naku ne. Ina roƙon ku zo ku amsa su.

Mista Sunday ya kuma tambaya yaya aka yi fis ɗin gidanmu bai tsinke ba. Na ce da yana tsinkewa, sai ma'aikacinku ya zo ya sa mana waya mai kauri, ya ce wannan har abada ba za mu sake damun ofis ba. Ya yi gaskiya. Fis ɗin yana nan lafiya ƙalau, yana gaishe ku.

Na kai wa Kawu kwalin batir ɗin. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ce lissafin ya yi kyau, hatimin fa? Ya ce Sunday mutumin kirki ne, amma ba ofis ba ne.

Na huɗu. Zuwana na uku ke nan, da Madam Angelina ta raka ni ta yi magana a madadina. Akawunku Malam Haladu ya karɓe mu da mutunci, har ya ba mu benci. Ya ce takarda ba wuya, yanzu zai buga mana cewa wutar kamfani bolt 220 ce kullum, dare da rana, kamar yadda yake a allo. Madam Angelina ta ce ba haka muke so ba, a rubuta cewa ranar Asabar kaɗai ta kai 220. Malam Haladu ya ajiye biro. Ya ce, "Madam, in na rubuta ranar Asabar kaɗai, sauran kwanakin shekara kuma in ce da su me?"

Na yi ta tunanin maganarsa a hanya, na ga yana da gaskiya. Idan kuka rubuta kullum 220 ce, Kawu zai ce to wata biyar dutsen yana shan 220 bai yi komai ba, ashe hannun Ma'u ne. Takardarku ta zama shaida a kaina. Idan kuka rubuta ranar kaɗai ce, ta zama shaida a kanku. Ni yarinya ce, ban san yadda ake raba irin wannan ba. Abin da kawai na lura shi ne ku ko an yi shaida a kanku ba Gwiwa za a mayar da ku ba.

Na biyar. Ƙarami ne, amma yana damuna. Yanzu a unguwa ba a kirana Ma'u. Idan na je famfo, 'yan mata sai su janye bokitinsu su ce a ba Gobara hanya. Mai ƙosai ta ce in zo in tsaya kusa da kaskonta ko ta huta da sayen itace. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta dai karɓi gawar dutsen ta naɗe a ɗankwali ta sa a ƙarƙashin gado, ta ce tun daga Makka ta rungumo shi a cinya cikin jirgi, bai ga wulaƙanci ba sai a ɗakinta. Shin a ofishinku akwai wanda ake kira Gobara? In babu, ina ganin ba a raba sunan daidai ba. Kashi uku cikin huɗu naku ne.

Yanzu ga roƙona, ba shi da yawa. Layi biyu ne a takarda mai kan ofis, da lamba da hatimi. A ce a unguwar Gindin Dutse wuta takan zo bolt 110, amma ranar zuwan baƙo ta zo 220. Ba na neman sabon dutse. Ba na neman riga. Ba na ma neman ku gyara wutar, mun saba da ita. Idan hatimin yana da nauyi, ni zan zo in ɗauka in buga, ba sai na yi magana da kowa ba.

Saura magana ɗaya, wadda ladabi ya sa dole in sanar da ku, tunda ni na san ciwon rashin sanarwa.

Mun ji mai shela jiya. Baƙon zai dawo ranar Asabar mai zuwa don ya ba kamfaninku lambar yabo, saboda hasken da ya gani a titi da rana. Ina taya ku murna. Kawu ya ɗinka sabuwar riga, ya kai wa masu bugu. Don ya gyara abin da ya faru da shi wancan karo, ya gayyaci shugaban ofishinsu da abokan aikinsa shida su sha shayi a zaurenmu da safe kafin a tafi fili. An sauko da butar Makka daga saman kabad. Kawu ya ce shi da hannunsa zai jona ta, kada Ma'u ta ko kalli soket.

Ban taɓa ta ba. Amma lokacin da Inna Dela take goge ta na leƙa gindinta. An rubuta bolt 110, amfiya 10. Turjiyarta om 11 ke nan, ƙarfinta wat 1,100. Idan kuka ɗaga tamfol, amfiya 20 za ta bi ta ciki, wat 4,400. Ban san abin da buta take yi da wat 4,400 ba. Na tambayi Mista Sunday, ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma in tsaya nesa.

Na faɗa wa Inna Dela, ta faɗa wa Hajiya. Hajiya ta ce kayan da ya fito daga ƙasa mai tsarki wutar Kazaure ba ta isa ta ci shi ba, sai dai hannun yara. Aka faɗa wa Kawu, ya ce hatimi fa?

Wallahi ba na son butar nan ta ƙone. Ita kaɗai ta rage wa Hajiya, kuma idan ta ɗauke ta sai ta fara ba da labarin shagon da ta saye ta, da Balaraben da ya ƙi ragi. Idan takardarku ta iso kafin Juma'a, Kawu zai karanta, a hura gawayi a dafa shayi a tsohuwar buta, ya sa mini hannu a takardar makaranta, kowa ya huta. Idan kuma kun ga ba za ku iya rubutawa ba, kuna iya barin injin na biyu ya ci gaba da hutunsa ranar Asabar. Butar za ta tsira, baƙo kuma zai ga wutarmu ta kullum, wadda nake ganin ya kamata ya santa tunda ita zai ba lambar yabo.

Idan wannan ma ya yi muku nauyi, to ba ni da abin cewa. Ku yi yadda kuka saba yi wa baƙo. Sai dai don kada a sake samun ruɗani, na roƙi Inna Dela ta yi mini lalle ranar Asabar da sassafe. Tana da zunguru ɗaya, na aro na biyu a maƙwabta. Daga fitowar rana har a watse daga taro, hannuwana biyu suna cikin zunguru a ɗaure, ina zaune a tsakar gida kusa da Hajiya, taku ashirin da uku daga soket. Na auna. A zaure kuma akwai ma'aikatan gwamnati takwas, kowanne da idonsa biyu, kuma Kawu ya ce shugabansu ko masallaci ba ya zuwa ba hatimi a aljihu.

Na kuma roƙi Inna Dela ta ajiye biro a gefen tiren shayi.

Allah ya ƙara muku girma, ya ja zamaninku, ya ba injin da ke aiki lafiya, ya ba wanda ke hutawa haƙuri. Ku gafarce ni idan na yi tsawo, ban saba magana ba.

Taku mai biyayya, ɗari bisa ɗari, ba rabi ba,

Ma'u Muhammadu Lawal
Gidan ƙarshe, inda wayarku ta ƙare.